Littafin Kayan Barka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

New Bell, Douala.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yaoundé lafiya, ke da direba da duk wanda ke cikin motar. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki. Na sa takardar a ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don na san shi za ki fara nema in kin buɗe jaka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yau da safe kika bar shi. Amsa ce nake so in ba ki. Ranar Talata muna gyaran kifi kika ce mini kamfanin tallar da ya ɗauke ki ya ɗauke ki ne don kina jin Hausa da Fulatanci ban da Faransanci, kuma suna so tallarsu ta shiga unguwanninmu ta waya. Kika ce watanni ukun farko na gwaji ne, shugabarki kuma ta faɗa muku cewa wanda ya kawo lambobin mutane shi zai zauna. Sai kika ce, "Mama, ai ke kina da littafin ƙungiya. Hoto kawai zan ɗauka, minti biyu." Na ce miki bari in yi tunani. Kin ga fuskata ta canza, na san kin ɗauka rowa ce ko tsoro irin na tsofaffi. Ba ko ɗaya. Akwai abin da ya faru lokacin kina makaranta a Ngaoundéré, ban taɓa gaya miki ba saboda kunya. Yanzu dole ki sani, tunda irin aikin da za ki shiga ke nan.

Bari in fara da ƙaramin kuskuren, wanda babanki har yau yake yi mini dariya a kansa.

Wata Asabar na je kasuwar Nkololoun, na tarar da wasu 'yan mata sanye da riguna iri ɗaya, sun kafa rumfa suna rabon bokitin roba kyauta. Abin da ake so kawai ka cike takarda: suna, lambar waya, unguwa, yawan 'ya'ya, aikin miji. A ƙasa akwai rubutu ƙanana ƙanana. Ni da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina gaya wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su taɓa biro, ban karanta ko layi ɗaya ba. Rana tana dukana, layi ya yi tsawo, na sa hannu na karɓi bokitina.

Ba a yi mako ba waya ta fara ƙara. Mai rance ya kira. Mai sayar da fili a Sodiko ya kira, ya san sunana, ya san mijina yana fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Mai maganin ciwon gwiwa ya kira ina tsakiyar darasi. Babanki in ya ji wayar sai ya ce, "Malama, ɗauki mana, 'yan'uwan bokiti ne." Bokitin ya fashe kafin damina ta ƙare. Kiran bai daina ba sai bayan shekara.

Abin da na koya a nan, Ummi, shi ne duk wanda ya miƙo miki abu ya ce kyauta ne, sannan ya miƙo biro, to ki duba da kyau, da abin da za ki rubuta ne kike biya. Ki karanta kafin ki danna "na yarda", ko da mutane goma na jiran ki. Kuma yanzu ke ce za ki koma bayan rumfar. In an ba ki ki tsara irin wannan takarda, ki rubuta abin da za a yi da lambar mutum da manyan haruffa, a sama, da yaren da yake ji. Ki tambayi kanki me ya sa mai rabon bokiti yake son sanin aikin miji. Abin da tallar ba ta buƙata, kada ki tambaya.

Amma wannan lambata ce. Ina da ikon in yi wasa da ita. Kuskure na biyu da na wasu na yi shi.

Kin san littafin, mai baƙin bango, wanda nake hana ku taɓawa tun kuna ƙanana. A gaba sunayen matan ƙungiyarmu ne da lambobinsu, waɗanda muke karatu tare ranar Alhamis bayan la'asar. Abin da ba ki sani ba shi ne shafin baya. Kin dai san mu, mace ba ta tashi ta ce tana da ciki. Za a gani, za a yi kamar ba a gani ba, har ranar da aka ji guɗa. To amma ƙungiya tana haɗa kayan barka: atamfa, sabulu, baho, 'yan rigunan jariri. Haɗa su yana ɗaukar lokaci, ba a so ranar suna ta zo hannunmu babu komai. Shi ya sa tun kafin a ba ni littafin aka yi wata dabara. Mace in ta kai wata shida, sai ta tsaya bayan an tashi karatu, kamar tana neman takalminta. In kowa ya fita sai ta matso ta ce, "Malama, a sa ni a shafin baya." Ta faɗi watan da take sa rai, in rubuta, shi ke nan. Ba mai sani sai ni da ita. Wata ma surukarta ba ta sani ba tukuna.

A waccan shekarar, kina Ngaoundéré, akwai wata mai shagon kayan jarirai da muke saye a wurinta. Mace ce mai fara'a, ba muguwa ba. Ta ce mini ta ɗauki wasu masu yin talla ta waya, kuma in na ba ta sunayen masu jiran haihuwa da watanninsu, za ta rage wa ƙungiya farashi, kowace kuma za ta riƙa samun shawarwari kan rainon jariri. Na ji daɗi. Na ga kamar dabara na yi wa mata. A nan cikin shagon na buɗe shafin baya, na ɗauki hoto, na tura mata. Minti biyu, kamar yadda kika ce. Ban tambayi ko mace ɗaya ba.

A cikin sunayen akwai Balkisu. Kin san ta, matar direban babbar mota da ke ɗaukar kaya daga tasha zuwa arewa, wadda ke kawo mana kindirmo da sallah. Ta yi shekara tara da aure ba ta samu ba, sai a lokacin. Ranar da ta ce a sa ta a shafin baya, ko ɗaga kai ba ta iya yi ba, murmushi kawai take yi wa tabarma.

A wata na takwas Allah Ya karɓi abinSa. Ɗan bai zo da rai ba. Muka je muka yi mata jaje, kayan barkarta muka ajiye a ɗakina ba wanda ya ƙara zancensu. Na ja layi a kan sunanta a littafi. Amma hoton da na tura, ba wanda ya ja masa layi.

Bayan kamar wata biyu ta dawo karatu. Da aka tashi ta tsaya, ta miƙo mini wayarta. A lokacin ba ta karanta Faransanci, mijinta kuma yana hanya. Ta ce, "Malama, duba mini, wannan saƙon yana ta zuwa. Ko daga asibiti ne?"

Na karɓa. Ga sunanta a rubuce. "Félicitations maman Balkisu," ana taya ta murna, jaririnta ya cika wata ɗaya, ga rangwame a kan kayan ɗaura wa yaro. Na ja sama, na ga wani na makon da ya wuce, yana tambaya ko jariri yana barci da kyau.

A nan na yi kuskure na uku, wanda ya fi na biyun muni. Na ce, "Talla ce kawai, ba komai." Na goge saƙonnin na miƙa mata. Ta ce, "Na gode, Malama." Ta yi mini godiya, Ummi.

Na gaya wa kaina tausayinta ne ya sa. Gaskiyar ita ce kaina nake rufa wa asiri. Da na faɗa mata a ranar, da ta ji zafi sau ɗaya, a gabana, a ɗaki rufe. Sai na bar abin yana tafiya.

Washegari na hau babur na je shagon. Mai shagon ta dafe ƙirji, ta ce wallahi ba ta sani ba, ta kira masu tallar a gabana. Wanda ya ɗauka ya ce, "Madame, c'est automatique." Wato na'ura ce ke aikawa da kanta, an ba ta watan haihuwa, ita kuma tana ƙirga wa yaro kwanaki. Ya ce zai cire sunan, kuma ina jin ya cire. Amma ashe sunayen sun riga sun wuce hannunsa. Mai madarar jarirai yana da su, mai inshora yana da su, har da wata makarantar renon yara. Na tambayi mai shagon wa ya ba su. Ta ce ba ta sani ba. Na tambayi masu tallar, suka ce abokan hulɗa ne. Ba wanda ya iya faɗa mini hannu nawa shafina ya shiga.

Ranar da abin ya fashe, a gidan suna ne a nan unguwa. Ɗaki cike da mata, ana cin shinkafa. Wayar Balkisu ta yi ƙara, ta miƙa wa wata baƙuwa da ke kusa da ita ta karanta mata. Baƙuwar ba ta san komai ba. Ta karanta da ƙarfi, tana fassarawa tana dariya: "Ah, barka! Sun ce yaronki ya cika wata huɗu, ya kusa fara zama. Ina kika bar shi?"

Balkisu ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayarta, ta dube ni daga can ƙarshen ɗaki, ta ce, "Malama, watan haihuwar nan ke kaɗai na faɗa wa." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

A ranar ta cire layin ta jefa a kwata. Wannan lambar ce mahaifiyarta da ke ƙauye ta haddace, ita take faɗa wa mai waya a kasuwa ya kira mata. Tsohuwar ta yi makonni tana kira ba ya shiga, har ta aiko mutum ya zo ya duba ko 'yarta na raye.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na tsaya a gaban mata na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Na ajiye littafin a tsakiyar tabarma na ce a ba wata. Hajiya Ladi, babbarmu, ta tura mini shi da ƙafa ta ce, "Ɗauki kayanki. Wadda ta riga ta ƙone hannu ita ta san murhun. In muka ba sabuwa, sai ta yi nata daga farko." Na ɗauka. Amma kusan shekara biyu ba wadda ta ƙara neman takalminta bayan karatu. Sai dai mu ji an haihu, mu yi ta gudu a kasuwa, kayan barka su isa bayan suna. Balkisu kuwa ta fi shekara ba ta taka gidanmu ba. Na je wurinta sau uku. A na ukun ta ba ni ruwa.

To ga abin da nake so ki riƙe, ke da za ki zauna a gaban irin wannan na'ura.

Duk jerin sunayen da aka ajiye a gabanki, ki fara tambaya daga ina ya fito, kuma masu sunayen sun sani ko ba su sani ba. In aka ce "wata ce ta ba mu", ki tuna ni ce wannan "wata" ɗin. Yardar mai riƙe da littafi ba yardar waɗanda ke ciki ba ce. Abin da mace ta faɗa don a haɗa mata baho, ba ta faɗa don a sayar mata da madara ba.

Ki tuna a wurinmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Miji yana ɗauka, suruka tana ɗauka, wadda ba ta karatu tana miƙa wa na kusa. Kafin ki aika saƙo, ki karanta shi da ƙarfi, ki ɗauka a ɗakin suna ake karanta shi. Abin da ya shafi ciki, ko ciwo, ko mutuwa, ko abin da ke tsakanin mace da mijinta, kada ki bar na'ura ta yi ta magana a kai ba mutum a kusa. Na'ura ta iya ƙirga watanni, amma ba a zuwa mata da labarin jaje.

Kowane saƙo ya zo da hanyar tsayar da shi, hanya mai sauƙi wadda Hajiya Ladi za ta iya bi ba tare da ta kira jikanta ba. Ki gwada da wayarki ki ga ko da gaske yana tsayawa. Ki tambaya a ofis, ko da za a ga kin cika tambaya, su waye abokan hulɗar da ake ba sunaye. Na ji an yi doka a ƙasar nan kan bayanan mutane. Ki nemo ta ki karanta, ke mai ilimi ce, kada ki yi irin ta uwarki da bokiti. In kuma kika yi kuskure, don za ki yi, ki faɗa wa wanda abin ya shafa a ranar. Kada ki goge ki ce talla ce kawai.

Ke ma ki kula da naki. Na ga kin ɗauki hoton takardar ɗaukar aikinki kina so ki sa a intanet. Akwai cikakken sunanki a kai da inda za ki zauna. Ki tura wa kawunki in kina so ya yi alfahari, ya isa.

Ban ce aikinki mugun aiki ba ne. Ni ma ina so in san inda atamfa ta yi sauƙi. Mai shago yana da haƙƙin ya nemi masu saye, kuma na fi so a ce ke ce a wurin, mai jin yarenmu, da a ce wanda bai san mene ne shafin baya ba. Ina alfahari da ke, kin sani.

Yanzu amsarki. Ba zan ba ki littafin ba, gaba ko baya. Amma ban zauna haka kawai ba. Jiya Alhamis bayan karatu na ce kowa ta dakata. Na ce, "Ummi ta samu aikin talla a Yaoundé. Tana neman waɗanda suka yarda a riƙa turo musu tallar kayan gida ta waya. Ba dole. Ga farar takarda, wadda ta so ta rubuta da hannunta."

Hajiya Ladi ta ce, "Me za su ba mu?"

Na ce, "Ba komai, Hajiya. Ko bokiti babu."

Aka yi ta dariya, ashe babanki ya gama yaɗa labarin a unguwa. Wata ta ce mijinta ba zai so ba, na ce ta bari. Wata ta ce sai ta ga yadda ta kaya da na farko. Maman Sadiya mai ƙosai ta karɓi biro ta ce, "Ni a sa ni. 'Ya'yan da na haifa ba sa kira, ko talla ce ai wayar za ta yi motsi." Hajiya Ladi ta sa aka rubuta mata ta dangwala yatsa, ta ce in gaya miki kada a turo mata da Faransanci, kuma kada a turo lokacin sallah.

Takardar ce na naɗe a cikin wannan. Sunaye goma sha bakwai ne. Na san ba su kai kwatan littafin ba, kuma na san ba abin da shugabarki take jira ke nan ba. Ki kai mata haka, ki ce waɗannan kowacce ta san da zancen, kuma in an riƙe su da mutunci su ne za su kawo sauran. In ta gane, kin samu wurin aiki. In ta ce sai dukan littafin ko ki tafi, to ki gama watanninki uku da kyau ki dawo. Na san abin da wannan aikin yake a wurinki, na ga shekara biyun da kika yi kina yawo da takardu. Ba da sauƙi nake faɗa ba. Amma ɗakinki yana nan, babanki ya ce ba zai zuba kwalayensa a ciki ba sai kin tabbata a aikin.

Ki duba suna na ƙarshe. Balkisu ce. Yanzu ta iya rubutu, a ajina ta koya bayan ta dawo. Ta jira kowa ya gama, ta karɓi biro, ta rubuta sunanta a hankali. Wurin lamba ta bar shi fili. Na ce, "Kin manta lamba." Ta ce, "Ban manta ba, Malama. Ki gaya wa Ummi in ta zo hutu ta zo ta tambaye ni da bakinta. In ta nuna mini yadda ake tsayar da shi, zan ba ta."

Na san kina da sabuwar lambarta a wayarki, ke kike kiranta kan kindirmo. Kada ki cike wurin nan. Ki bar shi yadda ta bar shi har ki zo.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙa cin abinci. Ki kula da sallarki, ki gaishe da mutanen gidan da kika sauka. Allah Ya kiyaye ki fita da shiga, Ya tsare ki daga cutar da wani, Ya tsare ki daga mai cutar da ke. Allah Ya sa albarka a aikinki, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.